Tambaya a kan garin Woking da zaman Musulmi a cikinsa

Sani Fagge:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, kuma bayan sallah za ta koma Ingila tare da mijinta, domin ta sami aiki a wani gari da ake kira Woking. Hajiyarmu ta kasa kwantar da hankalinta, kullum tambayarta biyu ce: akwai masallaci a can, kuma idan ta Allah ta kasance ina ake binne Musulmi? Ina roƙon wanda ya san garin ya yi mana bayani, ko na sami abin da zan gaya mata.

Habibu Gwammaja:
Wa'alaikumus salam, Malam Sani. Na yi shekara huɗu a garin lokacin da nake karatu a Landan, kuma ka gaya wa Hajiya cewa 'yarta za ta zauna kusa da masallaci na farko da aka gina tun daga tushe a matsayin masallaci a duk Burtaniya. Sunansa Masallacin Shah Jahan, an gina shi a 1889. Wani masanin harsunan Gabas, Gottlieb Leitner, shi ne ya sa aka gina shi domin ɗaliban cibiyar da ya kafa, mafi yawan kuɗin kuwa daga Sarauniyar Bhopal ta ƙasar Indiya, Shah Jahan Begum, suka fito, shi ya sa yake ɗauke da sunanta. Bayan mutuwar Leitner a 1899 an rufe shi, sai a 1913 wani lauya daga Lahore, Khwaja Kamal-ud-Din, ya sake buɗe shi. Shi ɗan Ahmadiyya ne, amma yau Ahlussunna ne ke tafiyar da masallacin, galibinsu zuriyar mutanen Fakistan da suka zo neman aiki tun daga shekarun 1960 suka zauna a unguwar Maybury. Ainihin ginin ƙarami ne ƙwarai, da koriyar kubba, saboda haka ranar Juma'a yawancin mutane a manyan ɗakunan da aka ƙara a gefensa suke salla.

Malama Rabi, Kurna:
Malam Habibu ya amsa ta farko, ni zan taɓa ta biyu, domin kuwa maƙabarta ce ma ta haifi garin. Tsohon Woking ƙauye ne da ke cikin kundin ƙidayar ƙasa na 1086, amma lokacin da jirgin ƙasa ya iso a 1838, an kafa tashar ce nesa da shi, a kan wani fili da babu kowa. Wannan ya tuna mini yadda Sabon Gari ya tashi a wajen ganuwa bayan isowar jirgi Kano a 1911, sai dai a can sabon garin ne ya ƙwace sunan, tsohon ya koma kamar unguwa. Da maƙabartun Landan suka cika, wani kamfani ya sayi fili mai faɗi a yankin Woking ya buɗe maƙabartar Brookwood a 1854, har da jirgin ƙasa na musamman da ke ɗauko gawa da masu rakiya daga kusa da tashar Waterloo ta Landan, kuma ya ci gaba da wannan aiki har 1941. Ragowar filin da kamfanin ya riƙa sayarwa shi ne aka gina gidaje a kansa. A Brookwood akwai ɓangaren Musulmi, kuma a nan aka binne Abdullah Yusuf Ali da Marmaduke Pickthall, waɗanda da yawanmu mun karanta fassararsu ta Alƙur'ani zuwa Turanci ba tare da mun san inda kaburburansu suke ba.

Habibu Gwammaja:
Haka ne, Malama. Abin da zan ƙara shi ne kada a ɗauka zaman can irin na cikin birni ne. Woking na gundumar Surrey, kuma jirgi yana kai mutum Landan cikin kusan rabin awa, don haka mutane da yawa da asuba suke fita sai dare su dawo, kuma wannan kusanci shi ya sa kuɗin haya ke da zafi. Maƙwabcinka zai iya shekara bai wuce ɗaga maka hannu ba. Zumunci a harabar masallaci ake samunsa, musamman a watan azumi. Ita kanta ƙaramar hukumar garin a 2023 ta sanar cewa ta kasa daidaita kasafinta, saboda bashin da ta ci ta gina dogayen benaye a tsakiyar gari.

Sani Fagge:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta sa na maimaita mata zancen Sarauniyar Bhopal har sau biyu. Yanzu kuma tambayarta ita ce ko ana samun naman halal da gero a Maybury ɗin, ko sai mun haɗa musu garin kunu tun daga Kasuwar Rimi.