Git notes ya mutu ne ko da sauran numfashi?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar. A cikin Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikin masu rubuta manhaja, akwai git notes, wanda ke ba ka damar maƙala bayani a jikin komit (wato canjin da ka adana a tarihin) bayan an riga an yi shi, ba tare da lambar komit ɗin ta canja ba. Kamar takardar da ake liƙawa a jikin buhun masara, ba sai an farke ɗinki ba. Tun Git 1.6.6, ƙarshen 2009, yake nan. Na yi ta rubuta sakamakon gwaji a kan komit-komit na manhajar kantin magani da muke haɗawa, abokin aikina ya jawo ma'ajiyar, wato wurin da aikin da tarihinsa suke, ko harafi bai gani ba. Bayanan suna zaune ne a refs/notes/commits, kuma git push (turawa) da git fetch (jawowa) ba sa leƙa wurin sai ka ambace shi da hannunka. Tun wancan lokaci har yau haka abin yake. Me ya hana a gyara? Wallahi abin nan ya mutu.

Na Njamena: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka janye kalmar "mutu". Abin da ya mutu ba ya aiki. Yanzun nan na buga git notes add, na yi git log mai nuna tarihin komit, ga bayanin a ƙarƙashin saƙon komit. Gerrit, wanda masu Android ke bitar aiki da shi, yana da reviewnotes da ke rubuta wa ya duba, wa ya amince, a refs/notes/review. Matacce ne ke wannan aikin?

'Yar Maruwa: Yaya, a kwamfutarka kaɗai ka gani. Abin da abokan aikinka ba za su gani ba, a wurin aikin tarayya ya mutu. GitHub, shafin intanet da ake ɗora ma'ajiyoyin Git, sun fara nuna shi a shafin komit a 2010, suka daina a 2014. Yaranmu masu koyo yau a shafi suke karanta tarihin aiki, wa ke zaman git log?

Na Njamena: Ni ke zama. Kuma cirewar da GitHub suka yi ba mutuwar Git ba ce. Kamfani daban, manhaja daban. Linus Torvalds ya fara Git a 2005, Junio Hamano ke riƙe da shi tun shekarar, babu ɗayansu da ke karɓar umarni daga GitHub.

Ɗalibin Ngaundere: Ai duk aikin Microsoft ne. Duk abin da suka saya sai sun kashe mai amfanin ciki.

'Yar Maruwa: Ƙanena, Microsoft a 2018 suka sayi GitHub, dala biliyan 7.5. Cirewar 2014 ce. Shekara huɗu tsakani.

Ɗalibin Ngaundere: To tun da suka saya sun mayar da shi? Wanda ya gaji ɓarna bai gyara ba, da hannunsa a ciki.

Malam Kusseri (admin): Yaron nan ya faɗi gaskiya. Shi ya sa nake ta faɗa muku ku dawo Gitea, manhaja irin GitHub da kake ɗorawa da kanka. Yana nuna notes a shafin komit, cgit, wata manhajar nuna ma'ajiya a shafi, ita ma haka. Ka ɗora a sabarka, ma'ajiyarka a hannunka, ba wanda zai wayi gari ya cire maka abu.

Na Njamena: Malam, da girmanka, sabar da ke kwana a shagonka? Ranar da aka ɗauke wuta aiki ya tsaya ke nan.

Malam Kusseri (admin): Ina da sola da batir. Kai da ke tsallaken kogi kake mini gorin wuta? Gada ɗaya ce tsakaninmu, mun san halin da kuke ciki in zafi ya yi.

Na Njamena: Ban ce namu ya fi ba. Cewa na yi kada a ɗora aikin mutane a kan batir ɗaya.

Ɗan Garwa: Jama'a don Allah, ni tambayata ita ce me ya sa turawa da jawowa ba sa haɗawa da bayanan kai tsaye.

Ɗalibin Ngaundere: Yaya, layi ɗaya ne. Ka ƙara +refs/notes/*:refs/notes/* a saitin jawowa, remote.origin.fetch, shi ke nan. Wannan ya nuna bai mutu ba, mutane ne ba sa karatu.

'Yar Maruwa: Kada kowa ya kwafi layin nan ido rufe. Alamar + tana nufin na sabar ya danne naka da ƙarfi. In ka rubuta bayani ba ka tura ba, wani ya riga ka turawa, kana jawowa naka ya ɓace daga gani. Hanyar da ta dace ita ce ka jawo nasu zuwa wani suna daban, sannan ka haɗa da git notes merge, ka zaɓi dabara irin union ko cat_sort_uniq. Kuma ba a nan ya tsaya ba. In ka yi git rebase ko git commit --amend, masu sake rubuta komit, komit ɗin yana samun sabuwar lamba, bayanin kuwa yana nan manne da tsohuwar, sai in ka saita notes.rewriteRef tun farko, wanda ba ya zuwa a saite. Kowane mutum a tawaga sai ya yi waɗannan a kwamfutarsa, don saitin ba ya bin ma'ajiya. Mutum ɗaya ya manta, an yi asara. Ku gaya mini wane sabon shiga ne zai iya wannan.

Na Njamena: Wahala daban, mutuwa daban. A 2023, cikin Git 2.42, an ƙara masa zaɓin --separator. Ana yi wa gawa ƙari?

'Yar Maruwa: Zaɓin abin da zai raba sakin layi biyu kake kira ci gaba, alhali turawa tana nan yadda take? To na sassauta: bai mutu ba, an yasar da shi.

Na Njamena: "Yasar" ma ban yarda ba. Mutane da yawa suna amfani da shi.

'Yar Maruwa: Su wa? A zauren nan wa ke amfani da shi a aikin kuɗi?

Na Njamena: Ba sai na kawo miki sunaye ba, Hajiya. Manyan kamfanoni suna yi.

Ɗalibin Ngaundere: Ni dai a ajinmu ba a taɓa ambatonsa ba. Layin sa hannu na Signed-off-by a ƙarshen saƙon komit aka koya mana, kuma yana bin komit duk inda ya je.

Ɗan Garwa: Wannan a cikin saƙon yake, sai ka canja lambar komit kafin ka ƙara shi daga baya. Sakamakon gwaji kuwa bayan komit yake zuwa.

Malam Kusseri (admin): To, la'asar ta yi, bari in tattara. An fahimci cewa git notes lafiyarsa ƙalau, matsalar ta masu jingina da shafukan manyan kamfanoni ce. Mafita ita ce kowa ya riƙe sabarsa, kuma Gitea ya wadatar. Mai son a buɗe masa wuri a tawa ya same ni ta gefe. Zancen wuta kuma na yafe.

'Yar Maruwa: Malam, ba a fahimci haka ba. Ko a Gitea ɗinka, wanda bai tura refs/notes da hannunsa ba, shafin ba abin da zai nuna. Kuma maganar rebase ba wanda ya amsa mini.

Na Njamena: Ni ma ban ce kowa ya koma sabar Malam ba. A cire ni daga wannan taƙaitawar.