Neman shawara: karatun na'urar lezata ya ƙi tsayawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, manyan zaure. Na haɗa na'urar auna lakar ruwa. Jar leza mai 650 nm ce ke ratsa kwalba, fotodayod BPW34 (abin da ke mayar da haske zuwa lantarki) na gefe yana kama hasken da ya warwatsu, sai amfilifaya mai ƙara ƙarfin siginar, da resisto 1 MΩ mai saita yawan ƙarin. Karatun rawa yake yi, kuma bayan an kunna sai ya riƙa sauka a hankali. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka sayi komai tukuna. Kashe lezar ka duba siginar a osiloskof, na'urar da ke zana ta a fuskarta. In ka ga 100 Hz, fitilar ɗaki ce, don sau biyu take ƙiftawa a kowane zagayen wutar 50 Hz. In 50 Hz ne cif, wayoyin haɗinka ke kwasowa daga wutar gida. Rufe fotodayod da baƙin salatif. Bai ɓace ba? To ba haske ba ne: gajarta ƙafafunsa, ka sa allon da ka haɗa kayan a kai cikin akwatin ƙarfe da aka haɗa da ƙasa. Kuma resisto nan na buƙatar kafasito (ɗan abin da ke riƙe caji) kamar 5 pF a kansa, in ba haka ba amfilifaya na iya yin kuwwa, wato ya riƙa ƙirƙirar sigina da kansa.

Amsa ta biyu: Gaskiyar Injiniya ne, amma rufi kaɗai ba ya isa. Riƙa kunna lezar da kashe ta da sauri, a ce 1,230 Hz, lambar da ba ninkin 50 ba. Sannan ka sa guntun lantarki (chip) mai suna AD630 ya tsamo abin da ke tafiya daidai da wannan bugun, sauran a tace. Hasken taga da na fitila duk sai su faɗi waje.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Saukar nan fa?

Amsa ta uku: Zafi ne, Malam. Leza tana ɗumi, haskenta na raguwa. Ba ta minti 20 kafin awo, ka ɗaura ta a dunƙulen alminiyum. Abin da ya fi: sa siririn gilashi ya karkato ɗan haske zuwa fotodayod na biyu tun kafin kwalba, ka yi lissafin raba karatun farko da na biyun. Kuma ɗan karkata kwalbar, digiri 5 ya isa, don hasken da ya komo cikin leza shi ke sa ta tsalle-tsalle.