Nisan tafiyar jirgin sama da awowinta: shawarwarin da aka tattara

Da aka tattauna kan yadda ake ƙiyasta doguwar tafiyar jirgi, abin da aka fi nanatawa shi ne kada mutum ya raba kilomita da gudun jirgi ya ce ya gama lissafi. Tsakanin Landan da New York kusan kilomita 5,500 ne, amma zuwa New York da ke yamma yakan ci kusan awa 8, dawowa Landan kuwa kimanin awa 7. Dalili shi ne iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgin da ya nufi gabas, tana danne wanda ya nufi yamma. A ganina wannan ne bayanin da ya fi amfani.

Jirgi ba ya bin layin da ido ke gani a taswira. Duniya a mulmule take, shi ya sa gajeriyar hanya tsakanin biranen arewacin duniya kan lanƙwasa ta arewa. Siyasa ma tana shigowa: tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiya daga Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo ta ƙaru da awowi.

Lokutan da ke kan tikiti na agogon kowane gari ne, sai a cire bambancin kafin a ƙirga. Daga Singapore zuwa New York, fiye da kilomita 15,000 ba tsayawa, ana shafe sama da awa 18.

Wanda zai canza jirgi a hanya kuma, an ce ya bar tazarar awa 2 zuwa 3.