Shawarwarin malamai kan koyar da yadda zafi ke yawo tsakanin teku da iska

Da muka tattauna da malaman kimiyya kan yadda za a fahimtar da yara wannan darasi, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara daga tsakar gida. A ajiye kwanon yashi da kwanon ruwa a rana. Kafin azahar yashi ya ɗau zafi jau, ruwa kuwa da sauransa. Bayan magariba yashi ya huce, ruwa na riƙe da ɗuminsa. Ƙasa da teku ke nan.

Daga nan sai damina. Sahara na gasuwa a bazara, iskarta ta tashi sama, sai iska mai laima daga tekun Gini ta kwararo arewa da hadari. Da hunturu kuwa busasshiyar iskar arewa maso gabas ke rinjaye, ga hazo.

Wata malama ta dage a ambaci farin 1984, wanda masana ke dangantawa da sauyin zafin ruwan teku. Na goyi bayanta sosai, domin kakannin yaran sun gan shi da idonsu. Batun ruwan teku mai ɗumi da ke sassauta sanyin Turai kuwa, aka ce sai aji na gaba.