Allah na cikin cikas ɗin? Tambaya kan sufancin Yahudawa

Ummin Baba:
Salamu alaikum. Ina karatun kwatanta addinai a jami'a, amma bana na jingine zango saboda mahaifina yana wankin ƙoda, ni ce mai jinya. A zaman jiran asibiti na karanta labarin wani malamin Yahudawa, Rabbi Nahman na Bireslob, wanda ya rasu a Uman ta ƙasar Yukiren a 1810. Ya koyar da cewa idan cikas ya tare mutum, Ubangiji yana ɓoye a cikin cikas ɗin kansa. Abin ya tsaya mini a rai. Shin wannan koyarwa ce mai tushe a wurinsu, ko lallashi ne kawai irin wanda ake yi wa mai kuka?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Baba lafiya. Tana da tushe. A ƙarni na 16 an yi wani malamin sufancin Yahudawa, Ishaƙu Luriya, a garin Safad na yankin Galili, ya rasu a annobar 1572 yana ɗan shekara 38, almajirinsa Hayim Bital ne ya rubuta yawancin karatunsa. A koyarwarsa, lokacin halitta an zuba hasken Ubangiji cikin wasu mazubai, suka kasa ɗauka suka tarwatse, tartsatsin hasken ya watsu ya maƙale a cikin abubuwan duniya, har da munanan. Aikin ɗan Adam shi ne ya tsamo tartsatsin nan ta hanyar ibada da aikin kirki. Suna kiran wannan gyara tikkun. Ki lura, jama'ar Safad da yawa zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen ne a 1492. Mutanen da aka raba da gidajensu ne suka rungumi maganar nan.

Yakubu daga Zonkwa:
'Yar'uwa, hujjar Nahman tana cikin Littafin Fitowa na Attaura, sura ta 20: jama'a suka tsaya daga nesa, Musa kuwa ya matsa kusa da baƙin girgijen inda Allah yake. Nahman ya ce girgijen nan shi ne cikas. Kuma ba daga kan kujerar jin daɗi ya faɗa ba. Ɗansa ya rasu yana jariri a 1806, matarsa ta bi a 1807, gidansa ya ƙone, shi ma tarin fuka ya ɗauke shi. Abin da ya sa nake sauraronsa ke nan.

Abu Hafsa:
Ki yi karatunki, amma a bambance. Maganar haske ya fashe ya warwatsu ba aƙidarmu ba ce, Allah ya tsarkaka daga haka. Mu abin da muke da shi ya ishe mu: lalle tare da tsanani akwai sauƙi, kuma sau biyu aka maimaita a Suratus Sharhi.

Ummin Baba:
Na gode muku duka. Yaya Abu Hafsa, na ji, kuma ban ɗauki batun mazuban a matsayin imani ba. Abin da na riƙe shi ne jinyar nan ba ɓata lokaci ba ce kafin in koma rayuwata. Dafa masa abinci ba gishiri da auna ruwan da zai sha, su ma ibada ce. Malam, wa ya fara haɗa koyarwar Luriya da korar 1492? Ina so in yi aikin kammala karatuna a kai.

Malamin Tarihi:
Gershom Sholem, masanin tarihin sufancin Yahudawa, shi ne ya fi shahara da wannan ra'ayi. Moshe Idel ya zo daga baya ya yi masa gardama, don haka ki karanta su biyun kafin ki tsayar da naki.