Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5700X? Don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tawa nake, kuma sati biyu ke nan maganar canza processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) tana cin raina.

Kwamfutata ta kan tebur processor Ryzen 3 3200G gare ta, mai ƙwaya (core, wato sassan da ke raba aiki a cikinsa) 4. In ina buga eFootball kaɗai, lafiya lau. Amma da na kunna OBS don naɗar wasan, ga Chrome a buɗe, sai hoton ya riƙa tsayawa, har in danna fasi ɗan wasa bai motsa ba.

Allona (motherboard, babban allon cikin kwamfuta) B450 ne, da RAM 16 GB da katin hoto GTX 1660 Super, shi ya sa nake son tsayawa a AM4, wato irin mazaunin processor da ke kan allon. 5600 ƙwaya 6 gare shi, kuma yana zuwa da fankarsa ta sanyaya shi. 5700X kuwa 8 ne, amma sai na sayi fanka daban, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a nan, ɗakina kuma rufin kwano ne.

Shin ƙarin ƙwaya biyun nan ya cancanci kuɗin? Sannan sabunta BIOS (manhajar da ke tada allon) kafin in saka sabon processor na ba ni tsoro ƙwarai, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin allon ya mutu. Wanda ya taɓa yi, ya kuka yi?