Kaskar shanu: bambancin cikin garke ya fi na tsakanin garkuna, kuskure ne?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan an gwada DNA na kaskar Rhipicephalus microplus daga wurare masu nisa da juna da alamar COI (wani yanki na DNA da ake kwatantawa), sai AMOVA (lissafin da ke raba bambancin gado zuwa na cikin rukuni da na tsakanin rukunoni) ta nuna kusan duk bambancin yana cikin kowane rukuni, FST (ma'aunin bambanci tsakanin rukunoni) kuma ya kusa sifili, matsalar daga aikin take ko haka kaskar take?

Likitan_Dabbobi: Wa alaikumus salam. Galibi haka take. Kaska ba ta tafiya mai nisa da ƙafarta, saniya ce motarta. Microplus kuwa tana yin duk rayuwar shan jininta a kan dabba ɗaya, kimanin mako uku, don haka duk inda fatauci ya kai shanu, ƙwayoyin gadonta sun je. Ga kuma batun sabuwar shigowa. A Afirka ta Yamma an fara ba da rahotonta a Kodebuwa a 2007, kuma kaskar da ta yaɗu daga 'yan tsirarun iyaye ba ta samu lokacin rarrabuwa ba.

Ɗan_Lab: Malam, kafin ka yarda da sakamakon, duba yadda aka tattara. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, 'ya'yan su hau ciyawa a dunƙule, su maƙale wa saniya ɗaya. Ka cire talatin daga jikinta, wataƙila 'yan uwa ɗaya ka kwaso. Gara biyu ko uku daga kowace dabba, a dabbobi goma zuwa sha biyar, har a samu 25 zuwa 30 a kowane wuri.

A zuba su a itanol (sinadarin barasa na adana samfur) mai ƙarfin kashi 95 ko sama, a canja shi washegari domin ruwan jikinsu yana tsarma shi, sannan firiza. Macen da ta ƙoshi da jini, ƙafafunta kawai za a yanka. Jinin saniya yana hana PCR (hanyar ninka DNA a lab) tashi, wani lokaci ma DNA na saniyar zai fito maka.

COI kuma ta uwa kaɗai ake gadonta, tana da kyau wajen tantance jinsi, amma ba ta ganin rarrabuwar kwanan nan. Wannan aikin wasu alamomin DNA ne, wato maikurosatalait (guntayen DNA masu maimaituwa) ko SNP (bambancin harafi ɗaya a DNA).

Malama_H: Ɗan ƙari kan maikurosatalait. A kaska an saba ganin ƙarancin masu kwafi biyu mabambanta (wato kwafin uwa da na uba ba iri ɗaya ba), fiye da yadda lissafin Hardy-Weinberg, na rukunin da ke barbara ba zaɓe, ya yi hasashe. Kada a yi saurin cewa barbarar dangi ce. Sau da yawa firaima (guntun DNA da ke kama wurin da za a ninka a PCR) ce ta kasa kama kwafi ɗaya, ko an haɗa rukuni biyu a kwalba guda. Idan a wasu alamomi kaɗai ƙarancin ya bayyana, firaima ake zargi. Idan a duka ne, a koma kan yadda aka tattara.

A kuma tabbatar duk microplus ne. Decoloratus da annulatus, wasu jinsunan kaska, suna kama da ita ƙwarai, guda biyu ko uku da suka ɓuya a cikin samfurin sun isa su kumbura bambancin cikin rukuni.